Darasi na Tara: Iska Mai Sanyi da Ƙarfin Injin Mota

Duk direban da ya daɗe a kan titi ya san wani abu, ko da bai taɓa neman dalilinsa ba: mota ta fi lafiyar gudu da sanyin safiya. Ka tashi daga Sakkwato bayan sallar asuba a watan Janairu, da ka taɓa totur sai ka ji ta amsa. Ka bi wannan hanya da azahar a watan Afrilu, da kaya iri ɗaya da mai iri ɗaya, sai ka ji ta yi nauyi kamar an ɗaura mata wata motar a baya. Direbobi kan ce ta gaji ne. Ba gajiya ba ce, iskar da injin yake shaƙa ce ta bambanta. A kan wannan iska darasinmu na yau yake: yadda zafinta ke rage wa inji ƙarfi, da gyare-gyaren da ake yi don a sanyaya ta, da yadda za ku bambance mai amfani daga wanda ɓarnar kuɗi ne kawai.

Inji ya fi shan iska a kan mai

Kun riga kun san hawa da saukar nan huɗu da fistin ke yi a cikin silinda, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya kunna wuta ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. In ka tambayi mai mota me motarsa ke sha, zai ce mai, don shi yake saya da kuɗinsa. Amma fetur ba ya cin wuta sai da oksijin, oksijin kuwa kashi 21 ne kacal cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone tas, sai ya samu kilo 14.7 na iska. Litar fetur ba ta kai kilo ba, wajen giram 740 ce, don haka tana bukatar kusan kilo 11 na iska, wato wajen lita 9,000. Duro ɗaya lita 200 yake ci. Ke nan duk litar da ka saya a gidan mai, sai injinka ya zuƙi duro 45 na iska kafin ya ga bayanta.

Ƙara wa inji mai ba abin wahala ba ne, kowane yaron gareji zai iya. Sai dai man da ya fi ƙarfin iskar da ke cikin silinda ba ya zama ƙarfi. Baƙin hayaƙi yake zama, ya ɓata filogi, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Iyakar iskar da inji ya iya cusawa cikinsa, iyakar ƙarfinsa ke nan.

Silinda kuwa kamar mudu yake, cika yake aunawa ba nauyi ba. Mudun gero da mudun dusa duk mudu ne, amma wanda ya ɗaga su ya san ba ɗaya suke ba. Haka iska take. Idan ta yi zafi sai ta buɗe, ƙwayoyinta su yi nesa da juna, silinda ya cika amma abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. A bakin teku, lita 1,000 na iska mai zafin digiri 15 a ma'aunin Salshiyos nauyinta kilo 1.225 ne. In ta kai digiri 40 sai ta koma wajen kilo 1.13, a digiri 60 kuma wajen kilo 1.06.

Wannan lissafi kowa zai iya yin sa da wayarsa. A ƙara 273 a kan kowane zafi, sannan a raba ƙaramin da babban. Misali, digiri 20 ya zama 293, digiri 60 ya zama 333. In ka raba 293 da 333 za ka samu 0.88, ma'ana iskar digiri 60 ta rasa kashi 12 cikin ɗari na nauyin da take da shi a digiri 20. Ku riƙe wannan 273 ɗin, za mu sake bukatarsa.

Sai dai kada ku ɗauka ƙarfin inji yana sauka daidai da haka. Iska mai zafi ta fi saurin ratsa bawul, saboda haka takan ɗan rama wani abu daga abin da ta rasa. Abin da masu gwajin inji suka saba ƙiyastawa shi ne, duk ƙarin digiri 6 yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin injin da ba shi da tobo, na'urar da za mu zo kanta nan gaba.

Tudu ma yana yin irin wannan aiki. Duk hawan mita 300, injin da ba shi da tobo yakan rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa, domin iskar sama ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. Jos tana kan tudu mai wajen mita 1,200, don haka motar da ta taso daga Legas ta isa can da ragin da ya kai kashi 12, sai ɗan abin da sanyin garin ya mayar mata. Direban da ya ji motarsa tana nishi a Hawan Kibo, abu biyu ne suka haɗu mata: ga hawa, ga iska tana raguwa.

Mene ne ƙarfin doki

James Watt, mutumin Sikotilan mai ƙera injin tururi a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya yaɗa wannan awo. Masu sayen injinansa da dawaki suke aiki, sai ya riƙa gaya musu dawaki nawa injin zai maye. Ƙarfin doki ɗaya kusan daidai yake da ɗaga buhu mai kilo 75 tsayin mita ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya. A lissafin lantarki kuwa wat 746 ne. Ƙananan motocin gida da muke gani yawancinsu tsakanin doki 100 ne da 180.

Yanzu mu ɗauki mota mai doki 130, marar tobo. A ce mun yi dabara mun rage zafin iskar da take sha da digiri 20 cif. Ribarmu kashi 3 da ɗoriya ce cikin ɗari, wato doki 4 ko 5. Riba ce, amma direba da ƙyar zai ji ta a ƙafarsa. Duk mai kayan da ya ce maka bututunsa kaɗai zai ba irin wannan mota doki 20, to ka tambaye shi daga ina sauran za su fito.

Akwatin iska da matatar kwalliya

Ku buɗe bonet ɗin mota wadda ba a taɓa yi mata kutse ba, ku bi hanyar iska da ido. Za ku ga baƙin akwatin roba da matatar takarda a ciki, da wani bututu da ya fita daga akwatin ya nufi bayan fitila, ko saman lagireto, ko cikin kumatun mota. Wannan bututu ba ado ba ne. Daga waje yake ɗebo iska, domin cikin ɗakin inji tanderu ne. Lagireto na huro zafi, bututun hayaƙi na gasa duk abin da ke kusa da shi, kuma a cunkoson rana iskar wurin takan haura digiri 60. Robar ma da gangan aka zaɓe ta, don ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Wato masu ƙera motar sun riga sun yi mata hanyar iska mai sanyi tun daga masana'anta.

Abin da samari masu son ƙara suke yi shi ne su cire wannan akwati gaba ɗaya, su ɗaura wata matata mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya, a bakin gajeren bututun ƙarfe mai walƙiya. Da an taka totur sai motar ta yi gurnani, mai ita ya yi murmushi, ya ce ta buɗe. Na sha ganin irin wannan matata zaune ɗani ɗaya daga bututun hayaƙi. An ɗauke hancin inji daga bakin taga an kai shi bakin murhu, sannan an biya kuɗi a kai. Gurnanin kuwa ba shaidar ƙarfi ba ne. A jikin bututun asali akwai wasu ƙananan kurtu na roba da aka yi don su haɗiye ƙarar zuƙar iska, cire su aka yi, shi ya sa ƙarar ta fito.

In har za a sa irin wannan matata, to a yi mata ɗaki. A kewaye ta da bangon roba ko na alminiyom wanda zai raba ta da zafin inji, bakinsa na sama ya haɗu da bonet in an rufe, sannan a jawo mata tiyo mai faɗi daga gaban mota. Da aikin ya kammala za ka tarar ka sake gina akwatin da ka jefar ne, sai dai naka ya fi tsada.

Ga kuma ƙura, wadda ta fi duk abin da muka ambata muhimmanci ga mai mota a ƙasar Hausa. Matatun mazurarin nan, na auduga masu shan mai, suna barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ƙofofinsu sun fi na takarda faɗi. Abin da ya buɗe wa iska hanya, ya buɗe wa ƙura. A ƙasashen da ake yawan ƙera su ba a san hunturu irin namu ba, wanda ƙura ke rufe rana tun daga Agadas har Kano, kuma ba a bin hanyoyin birji kullum. Ƙurar da ta tsallake matata takan gauraya da mai a jikin silinda ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye zobban fistin a hankali. Nan da ɗan lokaci inji ya fara shan baƙin mai yana shuɗin hayaƙi. A ganina, doki 4 bai kai a sayar da lafiyar silinda dominsa ba. Bayan haka, a motocin da ke da na'urar auna iska a bayan matata, akwai wata siririyar waya mai zafi a cikinta wadda da ita ake gane yawan iskar da ta wuce. In aka cika wa matatar auduga mai, sai ya fantsama a kan wayar, ta fara ba kwamfutar mota labarin ƙarya.

Wasu kan kai bakin bututun can ƙasa bayan bamba, wai iskar wurin ta fi sanyi. Da rani babu laifi. Da damina kuwa, ranar da motar ta faɗa kududdufi mai zurfi, inji zai zuƙi ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka fistin zai hau ya ci karo da shi, sandarsa ta lanƙwashe ko ta karye. Kofi guda na ruwa ya isa. Shi ya sa motocin daji irin su Land Cruiser da Hilux ake ɗora musu dogon bututu a gefen gilashi har saman rufi. Wannan bututu bai cika ƙara ƙarfi ba, amma iskar da yake ɗebowa ta yi nisa da ruwa, ta yi nisa da ƙurar tayoyi, ba ta kuma bi ta kan inji ba.

Masu tsofaffin motocin kafireto da aka shigo da su daga Turai, ku duba wani abu. Da yawansu suna da wani ɗan murfi a bakin akwatin iska wanda ke jawo iska mai ɗumi daga kan bututun hayaƙi, don kada kafireto ta daskare a sanyin can. In murfin ya maƙale a wannan gefen, motar za ta yi ta shan iskar murhu a tsakiyar bazara. Gyaransa bai wuce minti goma ba.

Tobo da intakula

A nan ne sanyaya iska take zama babban al'amari. Maƙeri ba ya jiran iska ta zo wa gawayinsa, zugazugi yake sawa ya tura ta. Tobo zugazugin inji ne. Hayaƙin da ke fita yana juya wata 'yar fanka, ita kuma tana juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda ke danna iska cikin silinda da ƙarfi. Juyin yakan haura sau 100,000 a minti. Wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905, kuma a yau kusan duk babbar mota mai shan gas da ita take aiki.

Amma duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska da famfon hannu ya san bakin famfon yakan yi zafi. Matse iska yana dafa ta. Mu ɗauka ana zafin digiri 35 a waje, tobo kuma ya ninka matsin iskar sau biyu. Ko da tobon ba shi da aibu ko kaɗan, iskar za ta fito da zafin da ya ɗan haura digiri 100. Da yake babu tobon da ba ya ɓarna, a zahiri takan kai wajen digiri 130. Wato abin da tobo ya bayar da hannun dama, zafi ya karɓe wani kaso da na hagu.

Maganin wannan shi ne intakula. Kamanninta ɗaya da lagireto, sai dai iska ce ke bi ta cikinta ba ruwa ba. Iskar da tobo ya dafa tana ratsa ƙananan bututun alminiyom, iskar hanya tana bugun su daga waje tana kwashe zafin. Intakula mai lafiya takan kwashe wajen kashi 70 cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin zafin ciki da na waje. A misalinmu tazarar digiri 95 ce, don haka iskar za ta sauko daga 130 zuwa wajen 64. Ku ɗauko 273 ɗinku: 130 ya zama 403, 64 ya zama 337. In kun raba babban da ƙaramin za ku samu kusan 1.2. Nauyin iskar da ke shiga silinda ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, ba tare da an taɓa tobon ba. Ku kwatanta wannan da doki 4 na matatar kwalliya.

Masu ƙera mota sun daɗe da gane haka. Kamfanin DAF na Holan, wanda manyan motocinsa suka cika hanyoyinmu da shanu da hatsi, yana cikin na farko a Turai da suka sa wa injin tirela intakula, a 1973. Porsche 911 Turbo ta fito a 1975 da doki 260 ba intakula. A 1978 aka sa mata, aka kuma ɗan ƙara girman injin daga lita 3 zuwa 3.3, sai ta koma doki 300.

Wurin da aka ajiye ta yana da tasiri. A tirela da yawancin motoci tana gaban lagireto ne, ita ke fara shan iskar hanya. A wasu, kamar Hilux mai gas lita 3 da Subaru Impreza mai tobo, a saman inji take, shi ya sa ake huda musu hanci a bonet. Ta saman inji bututunta gajere ne, mota tana saurin amsawa, amma in an daɗe a cunkoso sai ta jiƙe da zafin inji, har sai an sake samun gudu. Akwai kuma wadda ruwa ke sanyaya ta, mai nata famfon da nata ɗan lagireton. Babbar intakula ba kullum take fin ƙarama ba. In ta yi girma fiye da kima, tobo yakan ɗauki lokaci kafin ya cika ta, direba ya taka totur ya yi ta jira.

Wani kaso na ƙarfin da motocinmu masu tobo suke rasawa, a nan yake zubewa, kuma sau da yawa ba sai an sayi komai ba kafin a dawo da shi. Laka da fari da ƙaiƙayi kan toshe fukafukan intakula. A wanke su da ruwa mai taushi daga baya zuwa gaba, kada a kusanto da bakin injin wanki mai matsi, domin yana kwantar da fukafukan. Manyan fitilu da faranti da ƙarfen kariya da ake jerawa a gaban mota suna tare mata iska. Tiyon da ya tsage ko maɗaurin da ya saki kan sa a ji fito in an taka totur, mota ta mutu a hawa tana baƙin hayaƙi. Idan intakula ta fashe, wasu makanikai kan tsallake ta su haɗa bututu da bututu. Motar za ta tashi, amma iskar digiri 130 take sha, kuma bawul da fistin ne za su biya bashin. Abu na ƙarshe, kuma ku riƙe shi da kyau: duk ranar da aka canza tobon da ya lalace a injin gas, a cire intakula a wanke cikinta. Baƙin man da tsohon tobon ya tara a ciki, injin gas zai iya zuƙarsa ya ƙona shi kamar mai, ya yi ta gudu ba linzami ko an zare makulli, har sai ya tarwatse.

Wanda yake tunanin ɗora tobo a kan injin da ba a yi shi da tobo ba, ya sani ba ɗauri ɗaya ba ne. Fistin, da nozul, da famfon mai, da kwamfuta, da kulos, da lagireto, kowanne zai nemi nasa haƙƙin, birki da taya ma haka. Sau da yawa sayen motar da aka haifa da tobonta ya fi araha.

Ƙwanƙwasa

Zafin iska yana da wata illa a injin fetur wadda ta fi rashin nauyi. A ƙa'ida, wuta daga filogi take tashi ta bazu a hankali har ta cinye cakuɗin. In cakuɗin ya yi zafi da yawa, sai wanda ke can lungun silinda ya fashe da kansa kafin wutar ta iso. Ƙarar kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani take, an fi jin ta a hawa ko in an ja mota da babbar giya. Wannan ba shi ne abin da ake nufi in an ce inji ya buga ba, amma in aka bar shi yana iya huda fistin, ya kai ga bugawar.

Motocin zamani suna da kunne a jikin inji mai sauraron wannan ƙara, da ma'aunin zafi a hanyar iska. Da kwamfuta ta ji ƙwanƙwasa, ko ta ga iska ta yi zafi, sai ta jinkirta wutar filogi. Inji ya tsira, ƙarfi ya ragu. Wani kaso na nauyin da direban Sakkwato yake ji da azahar daga nan yake, musamman in fetur ɗin da ya sha ba mai kyau ba ne. Akwai wani ɗan abu da ake sayarwa a intanet, wai a maƙala shi a wayar ma'aunin zafin nan ya ƙara doki. Abin da yake yi kawai shi ne ya ruɗi kwamfuta ta zaci iska ta yi sanyi. Iskar tana nan da zafinta, mai ya ƙaru, kariya ta ragu.

Wata tsohuwar dabarar kashe ƙwanƙwasa ita ce fesa ruwa. Kamar yadda randa ke sanyaya ruwa saboda zufar da ke bushewa a jikinta, haka feshin ruwa mai laushi kamar hazo yake shanye zafin iska in ya zama tururi. Jiragen yaƙin Jamus sun yi amfani da ruwa gauraye da metanol a Yaƙin Duniya na Biyu. Motar Oldsmobile Jetfire ta Amurka ta fito da shi a 1962, amma masu ita suka riƙa manta cika tankin, abin bai yi ƙarko ba. A 2016 BMW ta dawo da shi a M4 GTS, da tankin ruwa lita 5 a but, motar ta ba da doki 500 inda M4 ta gama-gari ke ba da 431. Wannan aikin famfo ne mai matsi da kwamfuta mai lissafi, ba na tiyo da jarka ba. Kun dai ji abin da kofin ruwa yake yi wa fistin.

Iska ake so da sanyi, ba inji ba

Akwai ruɗanin da ya zama ruwan dare a garejinmu. Da an kawo mota 'yar Kwatano, sai a ce tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa. An haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Iskar da ke shiga ita ake so da sanyi. Shi kuwa jikin inji an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, a nan ƙarafansa suke buɗewa su zauna daidai, a nan baƙin mai yake samun kaurin da ya dace. Injin da bai kai wannan zafi ba, kwamfuta tana ɗaukarsa kamar yanzu aka tayar da shi, ta yi ta ƙara masa mai. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba, don haka cire shi yakan jawo zafin da ake gudu. Motar da ke zafi, a nemi dalilin a lagireto, ko famfon ruwa, ko murfi, ko fanka.

Aikin yi

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar duba lafiyar mota. Akwai ƙanana masu haɗuwa da wayar hannu, kuma yawancinsu suna nuna zafin iskar da ke shiga inji. Ku rabu uku-uku, kowace ƙungiya ta samu mota ɗaya. Ku rubuta zafin iskar tun kafin a tayar da inji da safe. Ku bar motar tana aiki a tsaye minti goma sha biyar da bonet a rufe, ku sake rubutawa. Sannan ɗaya ya tuƙa a buɗaɗɗiyar hanya, na gefensa ya riƙa duba wayar, ba direban ba. In an samu mota mai matatar mazurari a cikin ɗakin inji, a gwada ta ita ma a rana ɗaya, a zo da alƙaluman aji. Kafin nan ku amsa waɗannan a littafinku:

1. Iskar waje digiri 30 ce, ta cikin ɗakin inji digiri 66. Kashi nawa cikin ɗari na nauyinta iskar ta rasa? In motar doki 150 ce kuma ba ta da tobo, doki nawa za a ƙiyasta ta rasa?

2. Tobo ya fito da iska a digiri 120, ana digiri 40 a waje, intakula kuma tana kwashe kashi 70 cikin ɗari na tazarar. Da wane zafi iskar za ta shiga inji?

3. Wani direban tirela ya zo maka ya ce tun daga Akwanga motarsa take fito in ya taka, tana baƙin hayaƙi, ta kuma kasa hawa da kayan da ta saba ɗauka. Ina za ka fara kai hannu, kuma me zai hana ka fara taɓa nozul?